HAƊARIN JIRGIN SAMA DA KALMAR "ƘADDARA CE"

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Mai rayarwa, Mai kashewa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, ko kana Tambuwal, ko Kebbe, ko ƙauyukan da ke tsakaninsu, akwai kalmar da ba ta barin bakinmu idan an yi haɗari, ita ce "ƙaddara ce". Kalmar gaskiya ce, wanda ya ƙaryata ƙaddara imaninsa bai inganta ba. Amma da yawanmu mun mayar da ita faifan rufe ƙwarya, da an faɗe ta shi ke nan, ba mai sake tambayar wa ya yi sakaci. To, bari mu yi misali da jirgin sama, domin shi ne abin hawan da idan ya faɗi ake bin diddigi har a rubuta dalili.

Ran 3 ga Fabrairu 1951 wani jirgin fasinja na kamfanin Air France, irin DC-4 mai injin huɗu da farfela, ya tashi daga Duwala ta ƙasar Kamaru za shi Yamai. Bai yi nisa ba ya daki Dutsen Kamaru, wanda tsawonsa ya haura mita 4,000. Mutum 29 ke ciki, ba wanda ya fita. Da a wajenmu ne da tuni an ce aljanun dutsen suka fizgo shi, a kama neman laya kafin a hau jirgi. Subhanallahi! Masu bincike kuwa kuskuren lissafin hanya suka gano. Dutse yana nan inda Allah Ya kafa shi, yana kuma cikin taswira. Irin wannan haɗari ya yi ta maimaituwa a ƙasashe masu duwatsu, har a shekarun 1970 aka tilasta sa wa jiragen fasinja wata na'ura mai yi wa matuƙi ihu idan ya kusanci ƙasa bai sani ba.

Mu dawo gida. Ran 24 ga Yuni 1956, da yamma, jirgin kamfanin BOAC na Ingila, irin wanda ake kira Argonaut, ya tashi daga Kano za shi Landan ta Tirifoli, da mutum 45. Damina ce, hadari ya haɗo. Tashinsa ke da wuya sai ya fara yin ƙasa, matuƙi ya ba shi wuta iyakar iyawarsa, bai ɗagu ba, ya daki itace ya kama da wuta. Mutum 32 suka rasu. Kwamitin bincike bai ɗora wa matuƙin laifi ba, ya ce iska ce ta juya farat ɗaya ta hanyar da ba a iya hangowa.

Ka san mece ce wannan iska? Daga cikin gajimare take zubowa ƙasa da ƙarfi, idan ta daki ƙasa sai ta watsu ko'ina, kamar ka juye bokitin ruwa a daɓe. Jirgin da ya shige ta, da farko za ta tare shi ta gaba ta ɗaga shi, sannan ta danne shi daga sama, sannan ta biyo shi ta baya ta ƙwace iskar da fukafukansa suka dogara a kai. Duk cikin 'yan daƙiƙoƙi. A 1956 ba a fahimce ta ba. Sai a shekarun 1970 wani masani ɗan asalin Japan mai suna Fujita, yana aiki a Amurka, ya yi bayaninta filla-filla. Daga baya aka shiga koya wa matuƙa yadda ake kauce mata da yadda ake fita idan an faɗa.

To, ka riƙe wannan, ka zo 29 ga Oktoba 2006, ranar da ba Basakkwacen da zai manta. Jirgin ADC ya tashi daga Abuja za shi Sakkwato da mutum 105, ya faɗi jim kaɗan da tashi, mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo da ɗansa Sanata Badamasi. Sauyin iska cikin hadari ne ya same shi, ɗan'uwan na Kano. Amma wannan karon rahoton hukumar bincike ya ce an tashi alhali an san yanayi ba kyau, kuma ba a bi ƙa'idar fita daga iskar yadda ya kamata ba. Shekara 50 tsakani. Na farko ilmin bai zo ba, yana da uzuri. Na biyu ilmin ya zo. Dukansu ƙaddara ce, amma kai da kanka ka san hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Wanda ya fi ciwo shi ne na alhazanmu. Ran 11 ga Yuli 1991 jirgin DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda Nigeria Airways ya yi haya, ya tashi daga Jidda za shi Sakkwato. Tayoyinsa biyu ba su da isasshiyar iska, kuma an sani. Makanike ya nemi a ƙara, mai kula da aikin ya ƙi yarda a jinkirta tashi. Tayoyin suka fashe wajen gudun tashi, aka naɗe su cikin jirgi suna ci da wuta. Mutum 261, ba wanda ya tsira. Iskar taya fa, jama'a, abin da ɗan faci ke yi a bakin tasha!

Ya ɗan'uwa, da "ƙaddara ce" tana rufe magana, da Allah bai saukar da hukuncin kisan kuskure ba. Ka duba Suratun Nisa'i, aya ta 92. Wanda ya kashe mumini bisa kuskure akwai diyya, akwai kuma kaffara, wato 'yanta baiwa ko bawa mumini, wanda bai samu ba ya yi azumin wata biyu a jere. Mai kuskure ke nan, wanda bai yi nufi ba. Risala da muke karantawa a zaurukanmu ita ma ta ɗora lamuni a kan mai kora dabba da mai jan ta da wanda ke bisanta, idan ta taka wani. Malamai sun ce direba mai sakaci nan ya shiga. Sayyidina Umar kuma, da ya ji annoba ta ɓarke a Sham, komawa ya yi da jama'arsa, da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake, ya nuna cewa komawar ita ma cikin ƙaddarar Allah take. Wa ya fi Umar tawakkali cikinmu?

Yawancinmu ba mu hawa jirgi sai in Allah Ya kira mu Makka. Amma hanyar Sakkwato zuwa Jega ta cikin Tambuwal kullum muna kanta. Kai direba, ka ga taya ta suɗe har waya ta fito, birki sai an taka sau uku, ka ce bari a yi wannan sawu tukuna, kasuwa na ci. Me ya raba ka da mutumin Jidda? Kai mai mota da ka hana kuɗin gyara, da kai ɗan kamasho da ke cusa mutane bisa buhuna, da mai kwale-kwale da ke loda har ruwa na leƙo baki, duk maganar da ku ake. Kai ma fasinja da ke cewa direba ya taka don kada ka rasa ciniki, ka ji tsoron Allah.

Kuma ka sani, idan dangin mamaci suka ce sun yafe, diyya suka yafe, wannan haƙƙinsu ne, Allah Ya ba su lada. Kaffara kuwa ba tasu ba ce balle su yafe ta, tana nan a wuyan wanda ya yi sanadi har ya sauke. Wanda ya san ya taɓa yin sanadin rai ta sakaci, ya je wurin malami masani ya faɗi yadda abin ya faru ba ƙari ba ragi, ya ji abin da ya hau kansa.

Allah Ya jiƙan musulmin da suka rasu cikin waɗannan haɗurra, Ya kai haske kabarinsu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.