Inuwar Uwa: Gata Ce Ko Cuta?

Idan kin taɓa ratsa Rimin Doko ko Rimin Tsiwa a cikin birnin Zariya da rani, kin ga yadda audugar rimi ke tashi sama, iska ta yi gaba da ita. A cikin audugar nan 'ya'yan rimin suke. Kin taɓa tambayar kanki me ya sa uwa za ta sallami 'ya'yanta zuwa nesa haka?

Rimi bishiyar kurmi ce, kuma masana kurmi sun daɗe suna nazarin irin wannan. A 1970 Daniel Janzen, sannan Joseph Connell a 1971, suka bayyana cewa ƙwari da cututtukan da suka saba da wata bishiya a gindinta suke taruwa. Ita uwar ta yi ƙarfi, ba sa kayar da ita. Amma ɗan tsiron da ya fito a ƙarƙashinta, funfunar cikin ƙasa, wadda ido ba ya gani, sai ta kama shi tun yana jariri ya ruɓe. Wanda ya faɗi nesa shi ke tsira, gurbin gindin kuma wata bishiya daban ta samu. A 2014 an buga sakamakon wani gwaji daga kurmin ƙasar Beliz: da aka fesa maganin funfuna, ire-iren tsirran da ke tasowa sai suka ragu.

To, mu dawo gida. Nawa ne cikinmu suka aurar da ɗa, suka yanka masa ɗaki a tsakar gida, cefanensa da fitarsa da rigimarsa da matarsa duk sai sun bi ta hannun Hajiya? Sunan abin ƙauna, kuma wallahi ƙaunar ce. Sai dai tsohuwar gabar kishiyoyi da 'yan'ubancin da muka jure shekara talatin har muka daina jin zafinsu, amarya 'yar shekara goma sha takwas ba ta da wannan ɓawon.

Na san za ki ce mutum ba itace ba ne, akwai zumunci, akwai haƙƙin iyaye, ga tsadar haya. Gaskiyarki. Ban ce a kori kowa ba. Ni ma ɗana na fari yana aji shida, kuma tuni na fara ƙyalla ido a kan filin da ke bayan ɗakina. Ranar da na ambata wa maigidan, dariya ya yi, ya ce ina ce ni ce na yi shekara bakwai ina kuka sai an fitar da ni daga gidansu.