Yardar Wanda Ba Shi da Zaɓi

Hausawa na cewa wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Tambayata ga ƴan uwana ɗalibai, musamman masu karatun likitanci a Yamai da Maraɗi, ita ce: wanda ya kama takobin nan, ya yarda ne a yanke masa hannu?

A 1996 sanƙarau ya ɓarke a arewacin Najeriya, ya kashe dubban mutane. Cikin wannan annoba kamfanin Pfizer na Amurka ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano da sabon magani mai suna Trovan. Aka ɗauki yara 200, aka raba su gida biyu: rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su wani sanannen magani don a kwatanta. Yara 11 suka rasu, biyar a wancan ɓangare, shida a wannan. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, kuma ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da baki. Iyaye suka ce babu wanda ya gaya musu gwaji ake yi. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, kamfanin kuma bai amsa laifi ba.

Ba shari'ar nake so in sake ba. Mu ɗauka ma an yi bayanin. Uwa ce tsaye, ɗanta wuya ya sanƙare, jiki kamar garwashi, ga wani cikin farar riga yana magana ta bakin tafinta. Me ta ji? Likita ne, kuma a wurinmu likita ba ya miƙo hannu sai da magani. Kalmar magani kanta ta riga ta ɗauki alkawarin waraka: maganin ciwo, maganin sauro, maganin talauci. Ba mu da wata kalma ta yau da kullum da ke nufin "abin da muke zaton zai warkar, amma ba mu tabbata ba". In ka ce gwaji, sai ta ɗauka awon jini ne. Ta ce to. Wannan "to" ɗin kuwa mun san shi: shi ne wanda ake ce wa babba, da malami, da mai gari. Ladabi ne ya fi yawa a cikinsa, ba shawara ba.

Dokokin bincike, tun daga na Nurambag a 1947 zuwa sanarwar Helsinki ta 1964, sun ɗora komai a kan yardar mutum bayan ya fahimta. Daidai ne. Sai dai mutumin da suka hango mai karatu ne, mai lokaci, wanda zai iya cewa a'a ya nufi wani asibitin. Wanda ya biyo amalanke daga ƙauye, ya sayar da akuya ya yi kuɗin hanya, ina zai nufa?

Wani zai ce to a bar bincike a kan talakawa mana. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Allurar MenAfriVac da aka soma yi wa jama'a a Nijar da Mali da Burkina Faso a 2010, wadda ta kusan kawar da nau'in A na sanƙarau, sai da aka gwada ta a jikin ƴan Afirka, a Mali da Gambiya da wasu wurare. Da iyayen can sun ƙi, da har yanzu muna kirga gawarwaki duk bazara. Ashe ba gwajin ne abin ƙi ba. Bambancin shi ne an tambaye su yaransu na da lafiya, suna da damar su kwana a kan maganar, su shawarci dangi.

Ga kuma abin da ya shafe mu marubuta. A 2001 John le Carré ya fitar da The Constant Gardener, labarin gwajin magani a kan talakawa, wanda mutane da dama ke dangantawa da abin da ya faru a Kano. Amma a Kenya ya kafa labarin, jarumin kuma Baturen Ingila ne mai neman wanda ya kashe matarsa. Marasa lafiyar suna can baya, kamar itatuwa a hoto. A wurinmu kuwa labarin ya bi majalisa da bakin kasuwa, ya zama jita-jita, jita-jita kuma ba ta rarrabe magani da magani. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, Trovan na cikin abin da mutane ke ambata, cutar kuma ta tsallaka iyakoki ta gurgunta yaran da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Gobe mu ne za a ɗauka aikin ankat, a ba mu takarda da Faransanci a ce mu fassara wa mata a bakin likita, kuɗin yini kuma ya danganta da yawan waɗanda suka dangwala yatsa. Wallahi jarabawar a nan take. Jimlar da ta fi wuyar faɗa gajera ce: "Inna, ko kin ƙi, za a yi wa yaronki magani." In ka faɗe ta a fili, wasu za su goye yaransu su koma layi, takardarka kuma ba za ta cika ba a ranar.