Alherin Da Ba Na Gidanmu Ba

'Yan'uwa, ga wata tambaya da ya kamata mu auna. In mutumin da ba addininmu ɗaya ba ya yi aikin jinƙai, za mu yaba da zuciya ɗaya, ko kuwa za mu rage masa mudu?

Bari mu duba Kano. A zamanin Turawa ba a yarda 'yan mishan su kafa aiki a cikin birni ba, sai a bayan ganuwa. Amma ciwo bai san ganuwa ba. A farkon sarautar Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya hau gado a 1926, aka gina Asibitin Birni kusa da Ƙofar Mata, ba nisa da karofi. Ba mishan ce ta gina shi ba. Asibitin En'e ne, kuɗin En'e kuwa harajin manomi ne da jangalin makiyayi. Bayan rasuwar Janar Murtala Muhammad a 1976 aka sa wa asibitin sunansa. A 1943 kuma mishan ta SIM ta buɗe asibitin ido a bayan ganuwa.

To, ga asibiti biyu. Wani zai ce, "Na mishan aikin Allah ne, na En'e kuwa aikin albashi ne kurum." Gaskiya ne niyya tana da nauyi. Amma wa ya taɓa buɗe zuciyar wani ya ga niyyarsa? Ma'aikacin mishan ma yakan karɓi albashi. Macen da naƙuda ta yi wa gardama da tsakar dare a Yakasai, hannun da ya cece ta da jaririnta bai rage daraja ba don mai hannun ba ya zuwa sujada tare da mu.

Ku tuna, da Yesu ya ba da misalin maƙwabci na ƙwarai, Basamariye ya zaɓa, mutumin da masu jinsa suke ƙyama.

Saboda haka, kai mai karatu, in an yi maka jinya a asibitin da ba na ekklesiya ba, ka gode wa Allah, ka kuma gode wa mutumin. In kuwa kai ne ma'aikacin, kada sunan majinyaci ya zama ma'aunin kulawarka. Wanda aka kwantar a gabanka, shi ne maƙwabcinka.