Mutum Ke da Daraja ko Kujerarsa?

Duk yaron da ya yi 'yan shekaru a firamare, a Hanwa ne ko a Tudun Wada, an koya masa cewa alƙaluman lissafi goma ne kacal, wato daga 0 zuwa 9, kuma da su ake rubuta kowane adadi komai yawansa. Abin da ya sa goma ɗin nan suka wadatar shi ne gurbi. Idan aka rubuta 555, biyar ɗin dama biyar ce, ta tsakiya hamsin, ta hagu ɗari biyar. Siffarsu ɗaya, amma kowane gida ya ninka na damansa sau goma. To, tambayar da nake so mu yi nazari a kanta ita ce: shin haka ɗan Adam yake? Darajarsa tana jikinsa ne, ko kuwa tana ga kujerar da aka ɗora shi?

Kafin mu amsa, ya kamata mu san cewa ba kullum aka yi lissafi ta wannan hanya ba. A ƙasar Indiya tsarin ya samo asali, inda wani masani mai suna Brahmagupta ya rubuta ƙa'idojin aiki da sifili a shekarar 628. Daga nan ya isa Bagadaza, Alkawarizmi ya yi littafi a kansa wajen shekarar 825. Turawa kuwa sai daga baya suka karɓa, musamman bayan littafin da Fibonacci ya rubuta a 1202, shi ma a garin Bijaya na ƙasar Aljeriya ya koyo. Kalmar sifili kanta daga Larabci muka aro ta, asalin ma'anarta wofi.

Malamanmu na da suna da wata hanya dabam, wato ramzi, inda kowane harafi yake da adadinsa. A lissafin Magaribawa wanda ƙasar Hausa ta bi, shin 1000 ne, ra 200, ya 10, ha ƙarami 8. Idan aka haɗa su sai a sami 1218, shekarar da Shehu Usmanu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, wato 1804 ta Miladiyya. Da irin wannan ne mawallafa irin su Nana Asma'u kan sa tarihi a ƙarshen waƙoƙinsu. Abin lura a nan shi ne, ko yaya ka jujjuya haruffan nan huɗu, jimlarsu ba ta canzawa, domin kowanne yana tafe da darajarsa duk inda ya je. Amma ka jujjuya alƙaluman 1218, sai ka ga sun koma 8121.

Ga hanyoyi biyu ke nan, kuma kowace tana da masu ra'ayinta a zaman duniya. Wasu suna cewa mutum kamar harafin ramzi yake, a fada ko a bakin kasuwa shi ne dai shi. Wasu kuma suna cewa wannan zancen littafi ne kawai, domin kowa ya ga yadda ƙofar gidan mai muƙami take cika da jama'a, ranar da aka sauke shi kuwa ko mai sallama sai an nema. Masu wannan magana ba ƙarya suka yi ba. Hasali ma ramzi, duk da kyansa, ba shi da daɗin tarawa da ninkawa, shi ya sa ba a riƙe littafin ciniki da shi. Haka jama'a ba ta zaunuwa sai da gurabe, dole a sami alƙali da mai unguwa da shugaban makaranta, kuma maganar da aka faɗa daga kan kujera ta fi wadda aka faɗa a tsaye nauyi.

Sai dai ni a ganina masu wannan ra'ayi ba su ƙarasa darasin ba. Gurbi ba ya ƙirƙirar daraja, ninka abin da aka kawo masa yake yi. Ka sa 7 a gidan dubbai, ka sami dubu bakwai. Ka sa 1, ka sami dubu ɗaya. Ka sa sifili, ko da a gidan miliyoyi ne, sifili za ka samu. Ashe kujera ba ta ba mutum abin da ba shi da shi. Mai adalci idan ya hau, adalcin da a da iyalinsa kaɗai ke amfana da shi sai ya game gari. Haka kuma mai son zuciya, ɓarnar da a da ba ta wuce zaurensa ba sai ta shafi dubban mutane. Saboda haka tsoron kujera ya fi kamata da mu a kan kwaɗayinta.

Na biyu, shi gurbin ma daga ina ya sami girmansa? Mu dubi 1000. Ɗayan nan bai zama dubu ba sai don sifili uku da suka tsaya a bayansa. Kowannensu ba a bakin komai yake ba a idon mai kallo, amma ka goge ɗaya, dubu ta koma ɗari. Ka goge duka, ɗaya ya koma ɗayansa. Manomi da leburan kasuwa da mai shara su ne masu riƙe wa babba gurbinsa, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Shugaban da ya rena su, lissafin kansa yake gogewa.

Tarihin Zazzau ya ba mu misali. Sarki Aliyu Ɗan Sidi ya hau gadon sarauta a 1903, Turawa suka tuɓe shi a 1920 suka kai shi Lakwaja, can ya rasu. Sun karɓe gurbin, amma ba su iya karɓe abin da ya zo da shi ba, domin har yau ana nazarin waƙoƙinsa, irin su Tabarƙoƙo, a sassan Hausa na jami'o'inmu. Da kujera ce kaɗai darajarsa, da labarinsa ya ƙare ran da aka fita da shi daga gari.

A nan ne kuma kwatancin namu yake tsayawa, domin mutum ya fi alƙalami da abu ɗaya. Uku ba ta iya mai da kanta tara, amma mutum yana iya ƙara wa kansa ilmi da gaskiya da riƙon amana. Gurbi a hannun wasu yake, su bayar yau su karɓe gobe. Wannan kuwa a hannunsa yake.

'Yan'uwana ɗalibai, mafi yawanmu takardar shaida muke jira don mu nemi gurbi, kuma ba laifi ba ne. Amma kafin mu tambayi gidan da za a sa mu, na gomomi ko na dubbai, ya kamata kowa ya tambayi kansa ko nawa ne shi idan an rubuta shi shi kaɗai. Ranar hisabi ba za a tashi kowa da kujerarsa ba, lissafin ramzi za a yi, kowane harafi da abin da ya ɗauko. Allah ya sa mu dace, amin.