Giwan Ruwa A Hannun Masunci: A Riƙe Ko A Saki?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk mutumin Sakkwato ya san bikin kamun kifi na Argungu. Asalinsa tun shekarar 1934 ne, sa'ad da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, aka shirya su a kogin Matan Fada don girmama shi da kuma nuna ƙarshen tsohuwar gabar da ke tsakanin Sakkwato da Kabi. Argungu tana cikin Jihar Sakkwato har zuwa 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, a 2016 kuwa hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin al'adun duniya da ake tattalinsu. Ranar gasa dubban masunta kan auka ruwa da homa da gora, wanda ya fito da kifin da ya fi nauyi shi ke da kyauta. Kifin nan galibi giwan ruwa ne. A 2020 wanda ya zo na ɗaya nauyin kifinsa kilo 78 ne.

A ƙasashen bakin teku ma akwai irin wannan gasa, sai dai su da ƙugiya da jirgi suke yi. Abin da suka fi nema shi ne wani ƙaton kifi mai dogon baki kamar mashi, ana ce masa marlin. A 1953 wani Ba'amurke ya kama guda a gaɓar ƙasar Peru wanda nauyinsa ya haura kilo 700. Masu wannan wasa sun daɗe suna jayayya a junansu. Wasu sun ce wanda ya sha wahalar kamu shi ke da kifinsa, ya kai shi tudu a auna. Wasu kuma sun ce a'a, a auna tsawonsa yana cikin ruwa, a maƙala masa alama, a cire ƙugiya a sake shi. To, mene ne matsayin Musulunci a kan wannan al'amari?

Da farko dai babu saɓani cewa kifi halal ne. A cikin Suratul Ma'ida, aya ta 96, Allah Ya halatta farautar ruwa da abincinsa, har ga mai harama da aikin hajji. A Suratun Nahli, aya ta 14, Ya ambaci ɗanyen naman da ake samu daga teku cikin ni'imominSa. Girman kifi kuma bai hana cinsa ba. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin rundunar Abu Ubaida ɗan Jarrahu, mutum wajen 300, waɗanda yunwa ta kama su a bakin teku, sai ruwa ya jefo musu wata ƙatuwar dabba, suka yi kwanaki suna ci. Da suka komo Madina Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tabbatar musu da halaccinta, har ya ci daga abin da suka rage. Saboda haka masuncin da ya kama giwan ruwa ya ciyar da iyalinsa, ko ya kai kasuwa ya sayar, ba wanda ke da ikon ɗora masa laifi.

Amma fa halaccin abu daban, manufar mai yinsa daban. Littafin Risala na Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda almajirai ke karantawa a zaurukan Sakkwato tun zamanin Shehu, ya raba farauta gida biyu: wadda aka yi don wasa kawai makaruhi ce, wadda aka yi don wata bukata kuwa halal ce. Nasa'i kuma ya ruwaito cewa wanda ya kashe ko da ɗan tsuntsu ne ba da haƙƙinsa ba, za a tambaye shi ranar Alƙiyama, haƙƙin nasa kuwa shi ne a yanka shi a ci, kada a kashe a yar. Idan wannan shi ne hukuncin ɗan tsuntsu, ina ga kifin da ya shekara da shekaru yana girma? Wanda ya kashe shi don a rataye a ɗauki hoto, sa'an nan a bar naman ya ruɓe, ya haɗa wasa da rai da kuma almubazzaranci, duka biyun kuwa abin zargi ne.

Mai karatu zai iya cewa ashe ke nan masu saki su ne a kan daidai. Maganar ba ta ƙare a nan ba. Mutumin da ya fita da niyyar tun farko ba zai ci ba, ba zai sayar ba, ya soka wa kifi ƙugiya a baki, ya yi ta ja-in-ja da shi sa'o'i har ya galabaita, sa'an nan ya sake shi don gobe ya sake yin haka, shi ma akwai tambaya a kansa. Me ya amfana da shi in ba jin daɗin ransa ba? Muslim ya ruwaito hani ga mai da abu mai rai abin gwajin harbi, dalilin hanin kuwa shi ne azabtar da dabba don nishaɗi. Bugu da ƙari, ba duk kifin da aka saki ke rayuwa ba, wani rauni ko gajiya kan kashe shi daga baya. Don haka ne waɗansu malaman zamani suka ƙi wannan wasa ɗungurungum. Sakin kifi bai wanke mutum daga wahalar da ya ba shi ba gaira ba dalili.

Sai dai dole a bambanta tsakanin mutum biyu. Na farko shi ne wanda aka ambata, mai kamu don wasa. Na biyu shi ne wanda ya fita neman abinci, sai abin da ya faɗo hannunsa ya zama barinsa a ruwa ya fi amfani ga jama'a. A nan ne ilmin masana halittun ruwa ke taimaka wa mai fatawa. Sun tabbatar da cewa a jinsin marlin mata sun fi maza girma nesa ba kusa ba, manya-manyan da ake alfahari da su kusan dukkansu mata ne. Haka abin yake ga giwan ruwa, mafi yawan manyan mata ne, kuma guda ɗaya takan zuba miliyoyin ƙwai. Watau kifin da ke cin gasa sau da yawa shi ne uwar kifayen baɗi.

Shari'a ba ta jahilci wannan ma'ana ba. Muslim ya ruwaito cewa wata rana Annabi ya baƙunci wani mutumin Madina tare da Abubakar da Umar, mai gida ya ɗauki wuƙa zai yanka musu dabba, sai Annabi ya gargaɗe shi da ya guji mai ba da nono. Dabbar tasa ce, yankanta halal ne, baƙin kuma suna jin yunwa, duk da haka aka nuna masa ya bar wadda amfaninta ke gudana. Kowane makiyayi ya san wannan hikima, ba ya fara kai saniyar tatsa mahauta. Bambancin kawai shi ne garken ruwa ba shi da mai shi guda ɗaya, shi ya sa kowa ke ganin in bai kama ba wani zai kama.

Wannan gyara kuwa aikin shugabanni ne. Annabi ya keɓe wurin da ake kira Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza, aka hana kiwo barkatai a cikinsu don maslahar jama'a. Wannan shi malamai ke kira hima. Kabawa ma suna da irinta, domin al'adarsu ita ce a hana su a Matan Fada har sai lokacin biki, Sarkin Ruwa na lura da wurin. Ba don wannan hani ba, da ba a sami kifin da zai kai a yi gasa a kansa ba. Bukatar irin wannan tsari ta ƙaru tun da aka gina madatsar Bakolori a kan kogin Sakkwato a 1978 da ta Goronyo a kan Rima a 1984, domin ambaliyar da kifi ke bi ya hayayyafa cikin fadama ta ragu. Idan hukuma ta hana kama wani irin kifi, ko ta hana su a wani lokaci, bin wannan doka wajibi ne, saɓa mata kuma cin haƙƙin jama'a ne.

Saura magana a kan talakan masunci wanda ya rungumo giwan ruwa ranar gasa, ga kyautar mota ko kujerar Makka tana jiransa. Shin za a ce masa ya saki? Adalci bai yarda a ɗora masa wannan nauyi shi kaɗai ba. Ya kama a ranar da aka halatta, a wurin da aka halatta, naman kuma ci za a yi. Nauyin yana kan masu shirya gasa. Su ya kamata su tabbatar ba a bar ko kifi ɗaya ya lalace a bakin sikeli ba, su tsare hanin su na sauran watanni, su kuma duba ko akwai dabarar auna waɗansu manyan da ransu a mai da su ruwa. Kada kuma a manta, kamun yini guda a shekara bai kai ɓarnar masu zuba guba irin gamalin a ruwa ba, ko masu taru mai ƙananan idanu da ke kwashe 'ya'yan kifi. Waɗannan su ne suka fi cancantar tsawatawa.

A taƙaice, riƙewa halal ce ga mai ci ko mai sayarwa, muddin bai karya doka ba, ya kuma gaggauta hutar da kifin. Saki ya fi ga wanda ba ya bukata, musamman idan babbar mace ce kuma ana kyautata zaton za ta rayu. Kashewa don alfahari, da kamawa don wasa zalla, duka abin ƙi ne. Suratul An'ami, aya ta 38, ta sanar da cewa dabbobi al'ummomi ne kamar mutane. Wanda aka ba iko a kansu kuwa za a tambaye shi yadda ya yi da su.

Allah Shi ne Mafi sani. Allah Ya sa a gama lafiya, amin.