Gudu ko Tafiya: Wanne Ya Fi?

Gardama ta kaure a ɗakin kwananmu ran nan, wai mai son rage teɓa gudu ya fiye masa ko tafiya? Aka rabu biyu, kowa ya kafe a kan bakansa. Ni dai ban tanka ba, sai da na je hutu Jibiya na sami abin cewa.

Bari mu fara da lissafi. Masana sun ce mai nauyin kilo 70 in ya yi gudun kilomita ɗaya yakan ƙona wajen kalori 70, watau ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. In tafiya ya yi, abin da zai ƙona bai kai haka ba, ga kuma cin lokaci. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta daidaita minti 75 na gudu a mako da minti 150 na tafiya da hanzari. A nan kam 'yan gudu sun ci.

Amma fa kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da wajen kalori 7,700. Ashe ke nan ko mutumin nan ya zura a guje tun daga Katsina, ya keta Jibiya da Ɗan Isa har Maraɗi, kilomita 90 da 'yan kai, bai gama narkar da kilo guda ba. Abin da ya ƙona cikin rabin sa'a kuwa, malmalar tuwo ɗaya ko biyu sai ta mayar masa. Watau kwano ya fi ƙafa iko da teɓa.

To, ga abin da na gani a Magama, bakin iyaka. 'Yan dako da masu talla sun yini suna kai da kawowa cikin rana, ba wanda ya ajiye tumbi. Sa'ad da aka rufe iyakar a watan Agusta na 2019, har zuwa Afrilun 2022, aka kuma sake rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, mutane da yawa ta daji suka riƙa bi a ƙafa, kaya bisa kai. Gudu kuwa, tambayi mutanen ƙauyukan da 'yan bindiga suka tasa, waɗansu suka fake cikin gari, waɗansu suka ƙetara Maraɗi. Su ne suka san ma'anar in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Cikinsu ba wanda aka ba zaɓi tsakanin gudu da tafiya.

Sai na gane gardamarmu ta ƙosassu ce. Ban ce abin kunya ba ce, gama hawan jini da ciwon sukari ba su san wasa ba, kuma kula da jiki amana ne. Amma wanda ya sami zaɓi, ni'ima ya samu, ni'ima kuwa tana da hakki.

Wani zai ce, ina ruwan teɓata da ɗan dako? Amsar tana cikin lissafin nan. Tun da yake da wuya a rabu da kitse in ba a rage ci ba, lalle akwai lomar da za ta saura. Ina za ta? In ka bar ta ta kwana cikin kwano, ka rame kai kaɗai ka amfana. In ka miƙa ta ga wanda ya rame ba da sonsa ba, magani ɗaya ya warkar da mutum biyu.

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, mai ƙarfin gwiwa ya yi gudunsa, mai nauyin jiki ya taka a hankali kullum, sannu ba ta hana zuwa. Amma kowa ya fara duba kwanonsa tukuna. Allah ya sa gudunmu ya zama na neman lafiya kaɗai, amin.