Da Me Jiki Ke Bambance Nasa da Bare?

Makrofaj ƙwayar halitta ce ta garkuwar jiki wadda ke haɗiye ƙwayoyin cuta, aikin da Élie Metchnikoff ya fara bayyanawa bayan nazarinsa na 1882 a Messina ta Italiya. Idan ta narkar da abin da ta haɗiye, sai ta ɗora wani guntunsa a kan furotin ɗin da ke fatarta mai suna MHC II, ta baje shi waje. Ƙwayar T mai taimako takan zo ta kama guntun, furotin ɗinta na CD4 kuma ya riƙe gefen MHC II.

Tambayar falsafa tana nan: mene ne "kai" a wurin jikin da ƙwayoyinsa ba su da hankali? Macfarlane Burnet, wanda ya sami kyautar Nobel a 1960, ya ɗauki garkuwa a matsayin mai raba na gida da bare. Sai dai a 1973 Rosenthal da Shevach sun nuna, a gwajin ɓeran Masar, cewa ƙwayar T ba ta amsawa sai makrofaj ɗin da ta miƙo guntun tana ɗauke da MHC iri ɗaya da na ƙwayar T ɗin. Ashe ba a ganin bare sai a hannun ɗan gida.

Ganin ma bai isa ba. Dole furotin B7 na fatar makrofaj ya haɗu da CD28 na ƙwayar T, kuma makrofaj ba ta yawaita B7 sai ta ji alamar cuta. In babu wannan saƙo na biyu, ƙwayar T takan yi laƙwas, kamar alƙalin da ya ƙi yanke hukunci da bakin shaida ɗaya. A 1994 Polly Matzinger ta kawo ra'ayin cewa ɓarna jiki ke lura da ita, ba baƙunta ba. Hujjarta na da ƙarfi: abinci, da ƙwayoyin hanji, da ɗan tayi duk baƙi ne, amma lafiyayyen jiki yana zaune lafiya da su.

Taimakon yakan dawo wa makrofaj. Ƙwayar tarin fuka tana iya rayuwa a cikinta, sai ƙwayar T ta taɓa furotin CD40 na makrofaj, ta saki sinadarin intaferon gama, sannan makrofaj ta sami ƙarfin kashe ta. Shi ya sa ƙanjamau, mai hallaka ƙwayoyi masu CD4, ke buɗe wa tarin fuka ƙofa.